Ba A Yabon Na Gida

Masu karatu, na ga sharhinku na makon jiya, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in ba ni da aikin yi in je in tsince wa Umma shinkafa. Na gode. Aiki kam ina da shi har ya yi mini yawa, amma wadda kishi ya kama, ko da hannu goma take aiki sai ta samo na sha ɗaya ta riƙe waya da shi.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, ni ce Auta a gidanmu, kuma ni ce mai shagon lemo da kek da ke cikin tsohon garejin Abba. Da ya sayar da motarsa na share wurin, na yi masa farin fenti, na sa tebura biyu da kujerun roba, firij a kusurwa, injin markaɗe a kan kanta. Akwai ƙaramar ƙofa da ta haɗa shagon da tsakar gida, ta nan Umma ke leƙo ni duk sanda ta ga dama, wai tana duba ko ina buƙatar wani abu, alhali masu saye take ƙare wa kallo. Lemon abarba da citta shi ne abin alfaharina. Ba yabon kai ba, wanda ya sha sau ɗaya sai ya dawo.

Shi kuma mutumin da duk wannan surutu yake a kansa, a gidanmu Ɗan Jarida ake ce masa. Yayana ne kaɗai ke kiransa Sarkin Ɗanɗano, don tsokana. Yana da shafi a wata mujallar intanet da ke fitowa kowace Asabar da safe, sunansa Zaɓin Mako. Abu shida yake zaɓa wa mutane: littafin da za su karanta, waƙar da za su ji, zanen da za su je kallo, fim, abinci, da abin sha. Kuma mutane suna jin maganarsa fiye da yadda suke jin ta likita. In ya yabi gasashen kifin wani da safe, kafin la'asar mai kifin ya kife tire.

Sai dai a ofishinsu akwai wata doka da suke kira "ba a yabon na gida". Editansu, wani dattijo mai ɗora gilashi a kan karan hanci, duk Juma'a da yamma kafin a rufe shafi sai ya ɗago ya tambaye shi, "Akwai naka a ciki?" Shi kuma ya ce babu. In akwai ɗan'uwa, ko amini, ko wata da zuciya ta karkata gare ta, to sai a cire, ko da kuwa abin nata ya fi na kowa kyau. Ɗan Jarida ya riƙe dokar nan da gaske. Ƙaninsa na ciki ɗaya yana da wurin gyaran kaji, bai taɓa samun ko layi ɗaya ba.

Ta wannan dokar ma na san yana so na. Doguwa, 'yar Gwaggona, ita ce mai ɗaukar hoto a mujallar, kuma ita ta fara kawo shi shagon, ta ce ya ɗanɗana ko ƙanwarta za ta samu shiga. Ya zauna, ya sha, ya ƙara, ya yi ta yi mini tambayoyi yana rubutawa a waya, har da inda nake sayo abarba. Ranar Asabar na tashi tun asuba na buɗe shafin, na bi daga sama har ƙasa, babu ni babu dalilina. Na kira Doguwa zan sauke mata kwandon masifa, ta hau yi mini dariya. Ta ce ai ya rubuta, har an saka hoto, amma da Edita ya yi masa tambayar Juma'a sai ya sosa ƙeya, ya ce a cire na ƙarshen. Ta ce ranar ofis gaba ɗaya ba wanda bai tsokane shi ba. Wannan ce kalmar so ta farko da na samu daga gare shi, kuma ba ma a kunnena ya faɗe ta ba.

Haka yake. Mutumin da zai rubuta sakin layi biyu a kan ƙamshin miya, ni in ya kira abin da zan samu shi ne, "Kin ci abinci?" Na saba, na kuma riƙe shirunsa a matsayin rabona. Duk Asabar in na duba ban ga kaina ba, sai in ji daɗi, in ce har yanzu ni ta gida ce.

Matsalar ita ce Abba ba ya karanta shiru. Ya kira ni falonsa a farkon watan nan, ya rage sautin talabijin, ya ce yaron nan ya daɗe yana zuwa, kujerar shago har ta san shi, to lokaci ya yi da iyayensa za su zo su gan shi, kuma kada watan ya ƙare ban kawo masa rana ba. Bai ɗaga murya ba, Abba ba ya ɗagawa, shi ya sa maganarsa take da nauyi. A gefe kuma ga Gwaggo, mahaifiyar Doguwa, da nata ɗan takarar, wani mai kemis da ta ce ba ya yawon cin abincin mutane da sunan aiki. Duk zuwan da za ta yi sai ta ajiye mini gaisuwarsa tare da kwalin maganin ƙarin jini, kamar an ce mata jinina ne ya yi ƙasa. Na faɗa wa Ɗan Jarida maganar Abba, ya ce in ba shi ɗan lokaci, zai yi magana da kawunsa. Na ba shi.

Ana cikin haka Mai Zane ta shigo rayuwata, ta ƙofar shafinsa.

Karon farko ban damu ba. Wata matashiya ce ta buɗe baje kolin zanenta, ya ce a je a gani, shi ke nan. Asabar ta gaba sai ga ta kuma. Ta bayanta ma haka. Littafi ya canza, waƙa ta canza, fim ya canza, masu abinci suna shiga suna fita, amma gurbin zane ya zama nata kamar ta gada. Kuma ba yawan ba ne ya fi ci mini rai, yadda yake rubutawa ne. Ku ji wannan: "Hannunta ya san inda haske yake kwana. Na tsaya gaban zanen tagar nan har na manta da abin da ya kawo ni." Na karanta layin nan har na haddace shi, ina yanka abarba ina maimaitawa, ina wanke kofuna ina maimaitawa. Ni da hannuna ya yi kanta saboda ɓawon citta, ba a taɓa ce wa hannun nan ya san komai ba.

Zan faɗi gaskiya, tunda don ita nake rubutun nan: kishi nake yi, mai zafi, irin wanda ke hana abinci wucewa. Na nemo shafinta na bi hotunanta kaf, har na shekarun baya da take da ƙuraje. Na duba su wa take bi, su wa ke binta, a ƙarƙashin wane hoto ya taɓa danna alamar so. Na san dokar ofishinsu sarai, na san cewa yabon da yake mata shi ne shaidar ba komai a tsakaninsu. Kaina ya sani. Zuciya ce ba ta da ƙashi.

Umma ma ba ta taimaka ba. Ranar nan ta leƙo ta ƙaramar ƙofa ta same ni na ƙura wa waya ido, kek yana neman ƙonewa, ta ce ita dai a zamaninsu namiji in yana son mace gari ne ke fara ji, amma ni na samo mai yabon kowa ban da ni. Na yi mata bayanin doka, ta taɓe baki ta ce doka ba ta hana mutum turo iyayensa.

Ranar Laraba na rufe shago da wuri na ce gani ya kori ji. Na fito da doguwar rigata ruwan toka mai duwatsu a wuya, wadda nake ajiya don manyan fita, na ɗaura ɗankwali sau uku kafin ya zauna yadda nake so, na yafa siririn mayafi, na sa takalmin da ke cizon ɗan yatsana amma yana ƙara mini tsawo. Na fesa turare har Yaya ya yi atishawa daga ɗakinsa ya tambaya ko gobara ake kashewa. Na ce masa kasuwa za ni. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce Allah ya ba 'yan kasuwa haƙuri.

Wurin baje kolin wani dogon zaure ne a saman bene, fararen bango, ƙananan fitilu suna haska kowane zane, mutane suna tafiya a hankali suna magana ƙasa-ƙasa kamar a asibiti. Ni da na shirya gamuwa da wata mai gashin ido kamar tsintsiya, sai na tarar da 'yar siririyar mace cikin riga mara ado, da silifas, da shuɗin fenti a gefen farcenta. Ko hoda babu a fuskarta. Wannan ya fi ƙona ni, don da ta yi kwalliya da na san ta inda zan kama ta.

Kuma Ɗan Jarida yana wurin. Ban yi tsammani ba, don ya ce mini ranar yana da fim da zai je kallo. Yana tsaye kusa da ita gaban wani ƙaton allo da aka lulluɓe da farin ƙyalle, ta ɗaga masa gefe ɗaya yana leƙawa, yana dariya. Ba murmushin da yake mini ba mai kama da na mutumin da ke jiran canji, dariya ce har da dafa bango.

Da ya gan ni ya ɗan daburce, amma ya taho, ya ce ashe ina son zane. Na ce ai shafinsa ne ya koya mini. Ya juya gare ta ya ce, "Wannan ita ce Auta, mai shagon lemo."

Mai shagon lemo. Na jira ya ƙara wani abu, ko da kalma ɗaya ce, bai ƙara ba.

Ita kuwa ta kama hannuna da fara'a, ta ce ta ji daɗin zuwana, ta ce babban zanen nan ranar Lahadi za a buɗe shi, shi ne na rufe baje kolin, lallai in dawo. Sannan ta ce, kuma na rantse babu mugunta a muryarta, "Amma ban taɓa ganin shagonki a shafinsa ba. Malam, ba ka kyauta ba, ka taimaka mata mana."

Ka taimaka mata. Na yi murmushi har kumatuna suka yi ciwo, na zaga na kalli zanen tagar nan da ya mantar da shi kansa. Abin haushi, zanen yana da kyau. Na sauko daga benen takalmi yana cizona, ban tsaya sallama ba.

Ina isa gida, ko ɗankwali ban cire ba, na zauna a bakin gado na rubuta masa.

"Ina so in ga shagona a shafinka ranar Asabar."

Ya amsa nan take. "Kin san doka, Auta."

"Na gaji da doka. Kowa ana yabonsa a gaban duniya, ni ana ɓoye ni kamar abin kunya."

"Ba ɓoye ki nake yi ba."

"To me ka ce da ni ɗazu? Mai shagon lemo. Tunda mai shagon lemo ce ni, ka rubuta ni kamar kowace mai shago."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na zauna ina kallonta.

"Kin san abin da kike nema kuwa?"

"Na sani."

"To."

Shi ke nan. To. Ban sake jin ɗuriyarsa ba ranar, ko washegari. Ni ma na ƙi kira, na ce wanda ya yi laifi shi ke neman sulhu. Abin da nake so a raina, in kun tambaye ni, shi ne ya karya dokar saboda ni. Ya tsaya gaban Edita ya ce eh, tawa ce, kuma sai an buga, in za a kore ni a kore ni. Irin abin da maza ke yi a finafinan da yake zaɓa wa mutane ke nan, ban ga dalilin da ni ba za a yi mini ba.

Juma'a da hantsi sai ga Doguwa da jakar kyamara a kafaɗa. Ta ce an aiko ta ɗaukar hoton shago. Na daka tsalle na rungume ta, na ruga ciki na canza riga, na goge kanta, na jera kofuna, na yanka lemun tsami na saƙala a bakin kowanne. Ta ɗauka ta nan, ta ɗauka ta can, ta ce in matsar da tire, in daina murmushi da yawa. Doguwa da ba ta iya minti ɗaya ba ta yi surutu ba, ranar kamar an ɗinke mata baki. Na ba ta kek ta ce ta ƙoshi. Na lura, amma na ce gajiya ce, don wanda ke murna ba ya son a tsaya yi masa bayani.

Asabar ta zo. Na buɗe shafin. Littafin mako wani labari ne na 'yan'uwa biyu da suka gaji gidan burodi. Waƙa ta wani makaho mai jita. Fim na dariya. Abinci, taliya da kifi a wani ɗan wuri kusa da tashar mota. Sai abin sha, ga hoton kofunana, ga hannuna riƙe da tire.

Ya rubuta cewa akwai wani gareji da ba a gyara mota a cikinsa amma ana gyara rai. Ya ce mai wurin ba ta gaggawa, tana barin citta ta yi magana ba tare da ta yi ihu ba, kuma duk wanda ya sha zai gane cewa an yi abin ne da kula. Ya ce a je da wuri don ba ya kai yamma. Ban taɓa sanin ya lura da rabin abubuwan da ya lissafa ba, har da yadda nake sanyaya kofi kafin in zuba. Na karanta ina hawaye, na ce ashe dai yana gani.

Gidanmu ya kaure. Umma ta karɓe wayar ta kai wa Abba, ya sa gilashi ya karanta a fili tun daga farko har ƙarshe, yana tsayawa yana gyaɗa kai. Yaya ya ce yau Sarkin Ɗanɗano ya biya kuɗin lemon da ya sha a baya. Gwaggo ma ta kira, ta ce to, ba laifi, ta ajiye waya ba ta ambaci mai kemis ba. Abba ya cire gilashin ya dube ni da wata irin fuska mai taushi da ban cika gani ba, ya ce mutumin da ya fito ya faɗi darajarki a gaban jama'a ya gama magana, saura ta manya. Ya ce in kira shi yau mu tsayar da ranar da iyayensa za su zo, bayan la'asar in same shi a falo in faɗa masa. Na ce to, Abba, ina sunkuyar da kai don kada ya ga yadda bakina ya ƙi rufuwa.

Na koma shago na sake buɗe shafin don in ƙara jin daɗi, a nan ne na tuna ban duba gurbin zane ba. Na koma sama. Wani tsoho ne mai sassaƙa tsuntsaye da itace. Babu Mai Zane. A makon da za a buɗe babban zanenta, wanda ya leƙa yana dafa bango, babu ko sunan zaurenta.

Kun san me na fara yi? Dariya. Na ce alhamdu lillahi, an sauke ta an ɗora ni. Na ɗauki wuƙa na fara fere abarba ina 'yar waƙata. Ban kai rabin abarbar ba hannuna ya tsaya da kansa. Na ajiye wuƙar, na goge hannu a jikin riga, na kira Doguwa.

Ta daɗe ba ta ɗauka ba. Da ta ɗauka ban ko gaishe ta ba.

"Jiya kina ofis da aka rufe shafi?"

"Ina nan."

"Edita ya yi masa tambayar?"

Ina jin ƙarar fanka a ɗakinta.

"Yaya Doguwa, don Allah."

"Ya yi masa. Shi kuma ya ce wa Edita a cire na zanen, zai kawo wani." Ta ja numfashi. "Edita ya ɗago ya ce, mai lemon fa? Ai na san da magana. Ya ce babu. Edita ya sake tambaya, ya sake cewa babu."

Ta ci gaba da magana, wai ta so ta faɗa mini tun jiya amma ta ga yadda nake murna, wai wataƙila fushi ne, wai maza haka suke, in bari ya huce. Ban ji sauran ba. Na san mutumin nan. Zai iya ƙin ɗaukar waya, zai iya yin shiru na mako guda, amma ba ya yi wa dattijon nan ƙarya a kan tambayar Juma'a. Abin da ya kasa faɗa mini a fuska ya faɗa a inda ya saba faɗin gaskiyarsa. Garin neman gira na rasa ido, kuma ni na miƙa masa hanyar da hannuna, har da ce masa na sani.

Ban samu damar kuka ba, don mutane sun fara zuwa. Tun da na buɗe shagon ban taɓa ganin irin cikar ranar ba. Motoci har bakin kwalbati, 'yan mata suna ɗaukar hoto da kofunana, wani mutum da iyalinsa suka zauna a kan dakalin maƙwabta don kujeru sun ƙare. Yaya ya naɗe hannun riga yana taya ni wanke kofuna, yana cewa daga yau a riƙa kiransa manaja. Umma tana leƙowa tana komawa, bakinta har kunne. Kowa ya karɓi lemo sai ya ce a shafin Zaɓin Mako ya gani, ni kuma in ce na gode, Allah ya bar zumunci. Na duba waya tsakanin kowane mai saye da na bayansa. Saƙonnin taya murna sun cika ta, nasa babu.

Wajen la'asar, mutane sun ɗan ragu, abarba ta kusa ƙarewa, ina goge kanta na ji an yi sallama da wata murya da na sani. Na ɗago. Riga mara ado, silifas, yau fentin da ke farcenta kore ne.

Ta ce ta karanta, ta ce ta ji daɗi ƙwarai da Ɗan Jarida ya ji maganarta ya taimaka mini. Ta dubi shagon ta yabi farin fentin, ta ce hasken wurin yana da kyau da yamma. Sannan ta jingina da kanta ta rage murya, kamar mun shekara muna ƙawance.

"Ni kuwa kin ga an cire ni wannan makon, ana gobe buɗe babban zanena. Tun safe nake tunanin laifin da na yi masa. Ke da kika san shi, haka yake yi?"

Na dube ta. Da gaske take, ba ta sani ba. Ranta a ɓace yake kamar yadda nawa ya taɓa ɓaci wata Asabar, kuma duk garin nan ba wanda ya fi ni sanin amsar tambayarta. Na so in tsane ta a lokacin, wallahi na so, na nemi abin da zan kama na rasa.

"Haka yake yi," na ce.

Ta ce to ita dai ba za ta yi shiru ba, yanzu za ta bi ta ofishinsu ta ji dalili, ya ce mata yana can. Ta ce in zuba mata biyu a na tafiya, tunda shi ya yaba ai sai ta kai masa. Na ɗauko kofuna biyu masu murfi na ajiye a kan kanta.

"Ɗayan kada ki sa sukari," ta ce, "kuma ki ƙara citta sosai. Haka yake sha."

Ni sai da na yi watanni ina kallon yadda yake yamutsa fuska kafin na gano haka, don bai taɓa faɗa mini ba. Ita an faɗa mata.

Na ɗauko citta na fara gurzawa. Ƙaramar ƙofa ta buɗe, Umma ta leƙo da sabon mayafinta, ta yi wa baƙuwa sannu da zuwa, sannan ta dube ni tana murmushi.

"Auta, Abbanki yana falo yana jiranki. Ya ce ki zo masa da ranar."

Na ce mata ina zuwa, bari in gama haɗa masa lemonsa.